Taswirar Marigayi Junaid

Ranar sadakar bakwai ta Malam Junaid aka ɗauke kwamfutarsa daga zauren gidansa a unguwar Minanata. Sufeto Jelani ya iso bayan la'asar, ana naɗe tabarmi.

Matar marigayin, Sadiyatu, tana takaba, don haka ta bayan labule ta yi magana.

"Mi aka ɗauka, baiwar Allah?"

"Kwamfutar kawai, yallaɓai. Shekara biyu yana bin magudanan ruwan unguwar ga da ƙafa yana zanawa. Jibi za a kai ma kwamitin filaye. In babu ita, cike hanyar ruwan za a yi, damina ta ci mu."

Sufeto ya duba teburin. Ga waya, ga cajar kwamfutar, ba a taɓa su ba. Ɓarawon da zai sayar ba ya barin caja.

Washegari ya sami Muhsina, abokiyar aikin marigayin, a shagonta na unguwar Gawon Nama. Da ta ji labarin, sai ta yi ɗan murmushi.

"Ai Malam bai ɓoye aikinsa ba. Duk abin da ya zana, yana ɗora shi kan taswirar da kowa ke iya saukewa kyauta."

Ta zaɓi yankin Sakkwato, ta sauke, ta buga a takarda. Wani shuɗin layi, alamar hanyar ruwa, ya ratsa ta tsakiyar wani fili a bayan unguwa.

Sufeto ya tafi filin. An kafa sababbin turaku, an yanka fuloti shida a cikin kwarin da ruwan ke bi. Maƙwabta suka ce na Zayyanu dillali ne.

Ya tarar da shi a rumfarsa yana shan shayi.

"Ka je ta'aziyyar Malam Junaid?"

"Na je, Allah shi jiƙan shi. Bakin ƙofa na tsaya."

"Ka san ruwa na bi ta filinka?"

"Wane ruwa, ranka shi daɗe? Tudu ne. Wanda ya ce kwari ne, shi kawo shaida."

Sufeto ya shimfiɗa takardar kusa da kofin. Zayyanu ya bi shuɗin layin da ido.

"Ina kuka samo wagga? Ai tana cikin rijiya…"

Ya kama bakinsa.

"Wace rijiya?"

"Ta bayan gidana. Ana rabon waina na sa kwamfutar cikin babbar riga. Na zaci in ta nutse, zanen ya tafi ke nan."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

A hanyar ofis Sufeto ya tsaya Minanata, ya miƙa takardar ta ƙarƙashin labule. 

"Ni ban yi boko ba, yallaɓai," in ji Sadiyatu. "Amma na gane nan. Nan ne takalminsa ya tsinke yana bin hanyar ruwan."