Ruwan Rijiyar Marlow

Wasiƙu muke kaiwa, ni da mijina Lemuel, daga bakin kogin Platte zuwa garuruwan masu haƙar azurfa. Shekara tara muna wannan aiki a kan alfadarin ƙarfe, irin mai ƙafa shida da tukunyar tururi a cikinsa. Shi ke tuƙi, ni ke zuba kwal a wuta, ni ke kuma yin faɗa. Kowa da aikinsa.

Ranar da abin ya faru, rana ta yi sanyi, ya ce zai sauka ya duba wata ƙafar alfadarin da ke ƙara. Na ce ya sa dogon takalminsa. Ya ce ai minti ɗaya ne. To, minti ɗayan nan ya ishi macijin nan mai kacau-kacau a jela ya sare shi a ƙafa.

Na ɗaure masa cinya da igiyar jakar wasiƙu, na jawo shi sama ina kuka ina zaginsa.

"Kunnen ƙashi gare ka, Lem! Sau nawa zan faɗa maka?"

"Ki ajiye sauran zagin sai mun isa," in ji shi. Wai har da murmushi.

Likita mafi kusa yana sansanin sojoji na Fort Ansel, mil ashirin gabas. Na kwantar da shi a gefen tukunya, na juya alfadari, na cika masa ciki da wuta. Ba mu yi mil bakwai ba na ga ruwa ya kusa ƙarewa a gilashin awo. Tukunya in ta bushe da wuta a ƙarƙashinta, tarwatsewa take yi. Kuma rijiya ɗaya ce tak a hanyar, ta Marlow.

Duk mai tuƙa tururi a filin nan ya san ƙa'ida. Kafin ka zuba ruwan baƙuwar rijiya a tukunya, sai ka ɗiga cokali ɗaya a kan ƙarfe mai zafi, ka kasa kunne. In ya yi cuuu, ruwa ne. In ya yi ajiyar zuciya, ka bar wa masu shi abinsu. Hanyar nan tsohuwar hanyar masu ƙaura zuwa yamma ce, kuma ba kowa ya isa ba. A Marlow karusa arba'in suka yada zango, kwalara ta kwantar da su, aka binne su a nan gefen rijiyar.

Na ja guga. Ruwan garau, sanyi ƙalau. Na ɗiga cokali a kan ƙarfe.

Ajiyar zuciya ya yi, doguwa, irin ta tsohuwar da ta sauke kaya.

"Orfa, kar ki zuba," Lem ya ce a hankali.

Na dubi ƙafarsa. Ta kumbura har ta ɓarke wando, ta yi baƙi.

"Yi mini shiru. Yau ka daina ba da shawara."

Guga goma sha biyu na zuba. Ban yi nadama ba a lokacin, ƙarya zan yi in na ce na yi.

Mil na farko lafiya lau. A na biyu wari ya canja. Babu ƙaurin mai, babu na kwal. Sai warin jiƙaƙƙen tanti da dafaffen wake da jikin mara lafiya. Tururin da ke fita bai tashi sama ba. Zama ya yi a bayana, a kan jakunkunan wasiƙu, curi-curi.

Alfadari ya fara nishi. Ƙafafunsa na nutsewa a busasshiyar ƙasa kamar an ɗora masa kaya.

Wani ya yi tari a bayana. Ba Lem ba ne.

Ban waiwaya ba. Na ƙara kwal. Usur ɗin alfadarin ya busa kansa, sai dai kukan jariri ne ya fito.

Can na ji rana tana sukar idona. Ja-wur, dab da faɗuwa. Ta yaya mai tafiya gabas zai ga faɗuwar rana a gabansa? Na kama sandar tuƙi da hannu biyu, na ja, na dage da ƙafa. Ko gezau.

"Mun kusa, 'yar'uwa?" Muryar mace ce, daga cikin bututun tururi, dab da kunnena.

"Gabas za ni," na ce. "Mijina zai mutu."

"Mu ma mun mutu. Ba wanda ya juya dominmu."

Hannu mai danshi ya dafa kafaɗata. Sannan wani. Sannan wani ƙarami ya kama gefen siket ɗina.

Na saki sandar. Na kwashe wuta da shebur na watsar a ƙasa, na faɗa kan famfon sakin tururi, na murɗa shi har ƙarshe.

Na manta bakin bututun yana kallon inda Lem ke kwance.

Na yi ihu, na zaci zai sale. Amma tururin sanyi ne. Na ga ya lulluɓe shi, na ga ƙirjinsa ya ɗaga, ya ɗaga, yana shaƙa, mutum ɗaya yana jan numfashin da ba shi da iyaka.

Alfadari ya durƙusa. Tsit.

Garwashin da na watsar ya kama ciyawa, kuma hayaƙin ne wani jirgin balan-balan na sojoji ya hango kafin duhu ya rufe. Su suka kai mu Fort Ansel. Likita ya ceci ransa, har ƙafar ma bai yanke ba. Na durƙusa na gode wa Allah. Da Lem ya farfaɗo, ya nemi ruwa da wani harshe. Likitan ya ce na mutanen Norway ne. Lem ɗin da ko sunan ƙasar bai taɓa ji ba.

Da rana mijina ne, yana tsokanata, yana ƙin sa takalmi. Da rana ta karkata sai ya ɗaure ƙunshinsa ya kama hanyar yamma. Na kulle ƙofa, ya ɓalle taga. Na ɗaure shi, ya yi ta kuka da muryoyin da ban sani ba. Sai na gane in muka ƙaura yamma, yakan lafa wata uku ko huɗu. Muka koma Laramie. Muka koma Nevada. Na sayar da alfadari, na sayar da gado. Sau shida muna tashi, wallahi na gaji.

Yanzu muna Oregon, a bakin teku.

Jiya da yamma na same shi cikin ruwa har gwiwa, ƙunshi a kafaɗa. Na shiga na riƙe rigarsa.

"Lem, ƙasa ta ƙare. Babu sauran yamma."

Ya waiwayo. Idonsa ne na gaske, cike da hawaye.

"Ni na sani, Orfa," ya ce. "Su ne ba su yarda ba."

Ya ƙara taku ɗaya.