Dutsen Washi Da Shuɗin Kintinkiri

Ranar Asabar, sha biyu ga watan Agusta, aka ci mutuncin jikata a baje kolin gundumarmu. Na koyar a garin nan har na yi furfura, ban taɓa ganin irin wannan ba. Yara, ku saurara.

Da bazara jikata ta sayo wani tsohon injin lantarki a wurin gwanjo. Daga wata masana'anta da aka rufe ya fito. Tana so ya riƙa juya dutsen washin da kakanta ya bari a rumfar aiki.

Babanta, Anders, ya ce ta jira shi ya dawo daga gona. Ya ce ba a saka bel ɗin da ke haɗa inji da dutse sai an ga ɓangaren da inji yake juyawa.

Ba ta jira ba. Ta haɗa wayoyi, ta ɗaura bel, ta kunna.

Injin ya juya da baya. Notin da ke riƙe dutsen ya kwance. Dutsen ya fice, ya daki bango, ya rabe biyu. Allah ya kiyaye, bai same ta ba.

Da babanta ya dawo, bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ɓarin dutsen ya duba.

"Na kakanki ne," ya ce.

"Na sani, Baba. Gaggawa na yi."

Ya hana ta shiga rumfar har aka gama shuka. Ta yi kuka, ni kuwa ban sa baki ba.

Daga baya ya kira ta. Ta cire filogi tukuna. Ta karanta zanen da ke jikin injin. Ta musanya wayoyi biyu, ja da baƙa. Ta ɗaure koriyar waya a jikin ƙarfen injin, don kada wuta ta ja mutum. Babanta ya duba, sannan ta kunna ba bel. Injin ya juya daidai. Ina tsaye a wurin. Hannun Anders na cikin aljihu daga farko har ƙarshe.

Ta kai aikinta baje koli da sabon dutse. Alƙalin gasar, Orval Tvedt, ya leƙa cikin injin. Sai ya ɗauki lasifika.

"Babanki ya iya aiki, 'yan mata. A gaishe shi."

Mutane suka yi dariya. Har masu tallar gasasshiyar masara suka ji.

Na tashi da sandata.

"Orval, ni na koya maka rubuta sunanka. Ba ka da kunya?"

Jikata ta riƙe hannuna.

"Kaka, bari."

Ta roƙi a ba ta sukudireba. Ta cire filogi, ta cire bel, ta musanya wayoyin nan. Aka kunna, injin ya juya da baya. Ta kashe, ta mayar da su, ya dawo daidai. Ta gaya wa Orval yadda ta fasa dutsen kakanta, ba ta ɓoye komai ba.

Shuɗin kintinkiri na wanda ya zo na ɗaya yana rataye a rumfarmu yanzu. Maƙwabta suna kawo mata gatari ta wasa musu.

Darasin shi ne, a jira babba, a gwada kafin a ɗora wa inji aiki. Wanda ya yi kuskure ya amsa, ya gyara, ilminsa ya zauna ke nan.

Amma Orval a bayan rumfar tumaki ya miƙa mata kintinkirin, yana ƙunƙuni. Ban yarda ba. Yarinya ta amsa laifinta a gaban jama'a. Orval Tvedt, ranar bikin girbi ka ɗauki lasifikar nan da ka yi mata dariya da ita, ka ba ta haƙuri kowa ya ji. Zan zauna a layin gaba.