Mai Lamba Arba'in da Bakwai

A tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, da ke bakin jami'a a Villeurbanne Nazir ya fara ganinta. Tana tsaye rungume da takardu, tana tare ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna zillewa kamar ta zo karɓar haraji. Shi bai zille ba. Gaskiya ma tram biyu ya bari suka wuce don dai layi ya zo kansa.

Da Faransanci ta fara, sai ta lura da hular da ke kansa, ta juya harshe.

"Malam, ana bin ka bashin karatu?"

Nazir ya dafe ƙirji. "Haba baiwar Allah, ko gaisuwa babu? A Zariya sai ka shekara da mutum kafin ka yi masa wannan tambaya."

Ta yi dariya, ta gaishe shi yadda ya kamata. Sunanta Hamdiya, 'yar Maraɗi ce ta asali amma a Vaulx-en-Velin ta tashi, tana digirin dakta a fannin tattalin arziki. Bincikenta a kan bashin da ɗalibai ke ci ne don su yi karatu.

"Kuɗin lakwal na hawa, bashi na hawa, albashi yana zaune wuri guda," in ji ta, tana nufin kuɗin makaranta. "Balan-balan ne ake ta hurawa. Ni so nike in san yaushe za shi fashe."

"To ki ɗan ja baya, don ni ma ina cikin iskar."

Ya zauna a benci ya faɗa mata komai. Yuro dubu goma sha tara ya ranta a wani kamfanin ba da rance, ya yi digiri na biyu a injiniyanci, yanzu yana aiki a wurin masu gyaran lif, yana biya wata-wata da ruwa a sama. Ta rubuta 47 a goshin takardarsa, ta sa hannu a ƙasa a gabansa.

"Wannan alƙawari ne," ta ce. "Abin da aka gaya mini, ba shi fita da sunan mai shi. Ko wa ya tambaye ni."

Ya dubi sa hannun, ya dubi mai hannun, zuciyarsa ta tafi ba sallama. Kafin tram na uku ya iso ya samu lambar wayarta, wai ko zai tuna wani bashin da ya manta.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Dakta, na tuna. Mai shagon burodi yana bi na yuro biyu. Ya shiga bincike?"

Ta mayar masa: "Bai shiga ba, Arba'in da Bakwai. Ka biya bawan Allah kuɗinsa."

"Na biya. Yanzu saura bashin murmushin da kika ba ni ɗazu, shi kam ban san yadda zan yi da shi ba."

"Wannan ba ruwa a samansa. Ka riƙe."

Haka aka fara. Wata shida suna haɗuwa a ɗakin karatu, tana lissafin bashin duniya, shi yana zaune yana kallonta yana cewa ya fahimta. In ta gaji sai ya kawo mata dabino da shayi a fulas. Tana son sa sosai, kuma ba ta ɓoye ba. Sunan nan na Arba'in da Bakwai ya bi shi, har abokansa suka ɗauka ba tare da sanin asalinsa ba.

Sai aka zo kan Alhaji Ilya, mahaifinta.

Shekara talatin Alhaji yana da kanti a La Guillotière, yana sayar da garin rogo, busasshen kifi, kuɓewa da atamfa. Abin da yake alfahari da shi a duniya shi ne bai taɓa cin bashin banki ba, ko na sisi. Tambaya uku yake wa duk mai neman 'yarsa: salla, sana'a, bashi.

Nazir ya durƙusa a bayan kanta tsakanin buhunan shinkafa, ya haye biyun farko lafiya.

"Akwai wanda ke bin ka?"

Hamdiya ta riga ta roƙe shi ya yi a hankali. Amma Nazir mutum ne da ba ya iya zagaye. Ya zaro takarda daga aljihu, ya warware ta, ya miƙa da hannu biyu. Jadawalin biya ne, wata-wata, har shekara bakwai.

Alhaji ya sa tabarau ya bi layin da yatsa har ƙasa.

"Mi ne ne wannan na gefe?"

"Ruwa ne, Baba."

"Ruwa!" Alhaji ya cire tabarau. "Yaro, ka sayi takarda da bashi, ka ɗora ruwa bisa, kuma kana son ka ɗora mini ɗiyata bisa ruwan? Kana da ladabi, ban ƙi ba. Amma ba ni ba da Hamdiya ga mai bashi. Tashi, Allah shi rufa asiri."

Har ya ba shi kilishi a leda, don Alhaji ba ya korar baƙo hannu wofi.

Sati biyu bayan nan Kamalu ya bayyana. Ɗan abokin Alhaji ne, yana zaune a Paris, ya yi wata makarantar kasuwanci mai tsada da ba ya minti biyar bai ambaci sunanta ba. Ya faka baƙar mota a ƙofar kanti ta toshe hanya, ya shigo turare na gaba yana biye. Da aka zo tambaya ta uku, sai ya kaɗa makullin motar a yatsa ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba." Alhaji ya ɗauki wannan a matsayin amsa.

Abin da Alhaji bai sani ba, Hamdiya ta riga ta san Kamalu. Shi ne lamba 112. Wata biyu da suka wuce ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ta zauna da shi awa biyu a wani gidan shayi, ya zazzage mata cikinsa. Abin da ake bin sa ya ninka na Nazir sau huɗu, motar ma ta haya ce. A wannan zaman ne ya ƙyasa. Ranar da ya zo kanti ya tare ta a waje, ya ce da murmushi, "Kin dai sa hannu, ko? C'est confidentiel, sirri ne."

Ta sa hannu kuwa. Kalma ɗaya za ta faɗa wa Alhaji, maganar Kamalu ta mutu. Amma mutum ɗari biyu ne suka ba ta sirrinsu saboda wannan sa hannun, kuma ita ba ta iya cin amana, ko ta wanda bai cancanta ba. Alhaji ya ce ba zai yi mata dole ba, sai dai da zarar ta kare kundinta a gaban malamai, kawunnan Kamalu za su zo gaisuwa. Zancen Nazir kuwa kada ta ƙara kawo masa.

Kamar wannan bai isa ba, Kamalu ya baza labari cewa ai Hamdiya da ƙafarta ta same shi har Paris. Labarin ya isa kunnen Nazir yana cikin ramin lif, yana fitowa ya kira ta.

"Da gaske kin je Paris wurinsa?"

"Na je."

"Me kuka tattauna har awa biyu?"

"Ba ni iya gaya maka."

"Ko ni?"

"Ko kai, Arba'in da Bakwai. Ka yi haƙuri."

Ya kashe wayar. Kwana tara wayarta ba ta yi ƙara da sunansa ba. Ta rame, ta yi kuka a kan babi na huɗu har tawada ta baje. Mahaifiyarta Hajiya Biba ta ce, "Wannan karatu na bashi, ke ma ya cinye ki."

Shi ma Nazir bai ji daɗi ba. A rana ta goma yana neman wata takarda a jaka, sai ya ci karo da kwafin tasa, ga 47 a sama, ga sa hannunta a ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya bugi goshinsa, ya ɗauko waya ya rubuta mata.

"Dakta, ni sakarai ne. Ba zan sake tambaya ba. Wadda ta riƙe sirrin wani ta bar ni ina fushi, nawa sirrin yana wuri mai kyau. Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ka makara da kwana tara, kuma akwai ruwa a sama."

"Nawa ne?"

"Dabino da shayi. Ka zo ran soutenance, ran da za ni kare kundina, ko Baba ya harare ka."

Ranar kare kundi, zauren ya cika. A nan ƙasar kowa na iya shiga ya saurara, don haka Hajiya Biba ta gayyato rabin unguwa, ta jera kulolin dambu da fanke a baya don walimar da ake yi in an gama. Alhaji ya zauna a layin gaba da babbar riga, Kamalu na gefensa cikin kwat. Nazir ya rakuɓe kusa da kuloli.

Hamdiya ta yi bayani, ta amsa tambayoyi. Sai wani tsohon farfesa cikin alƙalan ya buɗe kundin.

"Akwai wani a shafi na ɗari biyu da sha biyu da kika kira Malam X," ya ce. "Ya ba ni tausayi."

Hamdiya ta san Kamalu ake nufi. Ta sauya sunan, ta sauya garin, ta cike adadin ya zama dunƙule. Babu mai iya gane kowa. Ta ƙi duban layin gaba.

Farfesa ya ci gaba. "Yuro dubu tamanin! Yana hayar mota don a ce yana da shi. Ga balan-balan ɗinki nan da ƙafafu. Kuma in kin tambaye ni, irin makarantar da ya yi, takardarta ba ta kai kuɗin firam ɗin da aka sa ta ba."

Bashi Kamalu zai iya haɗiyewa. Mota ma haka. Amma a taɓa makarantarsa? Sai ganinsa aka yi tsaye.

"Pardon, Monsieur! Makarantarmu tana cikin goma na farko! Kuma ba dubu tamanin ba ne, saba'in da shida ne da ɗari huɗu!"

Zauren ya yi tsit. Can baya murfin kula ya suɓuce daga hannun Hajiya Biba ya yi ta juyi a ƙasa.

Faransancin Alhaji na kanti ne, amma lissafi ba ya wuce shi a kowane harshe. Ya juyo a hankali.

"Saba'in da shida na mi, Kamalu?"

Kamalu ya lalubo makullin motarsa. Ya tuna wai ya faka mota a inda ba a fakawa, ya fita. Har aka cinye dambu bai dawo ba.

An ba Hamdiya digirinta da yabo. Ana cikin guɗa Alhaji ya ja ta gefe.

"Kin san wannan tun can?"

"Na sani, Baba."

"Kika ƙyale ni ina washe baki da makullin mota?"

"Amana ce. Kai ka koya mini."

Idon Alhaji ya kawo ruwa, ya ce yajin dambu ne. Sannan ya ɗaga murya. "Ina yaron nan mai takarda?"

Nazir ya taso da fanke a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi, ya durƙusa da abinsa.

"Takardar tana nan?"

Tana nan kuwa, a aljihun da take kullum. Alhaji ya sake bin ta da yatsa.

"Ku biyu duka ana bin ku. Kai ka kawo naka da hannu biyu, ka san za ni kore ka. Na faɗi ba ni ba da ɗiyata ga mai bashin ruwa, kuma ban sake magana ba. Sai dai mu kashe bashin." Ya ninke takardar ya sa a nasa aljihun. "Muna da adashi, mu 'yan kasuwa ashirin, jaka guda ta yuro, dubu ɗaya ke nan, kowane wata. Kwasar watan gobe tawa ce, na ba ka. Ka kai ma mutanen nan kuɗinsu su bar ka. Ni za ka riƙa biya, ba ruwa ko ɗigo. Amma ka sani, banki wasiƙa yake aikowa. Ni da kaina nike zuwa."

"Baba, na gode, Allah ya saka da..."

"Sadaki hwa? In na ji ranto shi ka yi, na fasa."

"Na sayar da kekena, Baba. Da abin da na tara."

"To da mi kake zuwa aiki?"

"Da ƙafa."

"Madalla," in ji Alhaji. "Ƙafa taka ce."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a wani masallaci a Vaulx-en-Velin, bayan sallar Juma'a. Kawun Nazir ya zo daga Zariya ya karɓa masa, 'yan adashi goma sha tara suka tsaya shaida, kowannensu yana duban ango da kulawa ta musamman. Nazir yana fitowa wayarsa ta motsa.

"Arba'in da Bakwai, an ce an ɗaura. Yanzu har abada ina bin ka."

Ya tsaya a bakin masallaci mutane na ta miƙo masa hannu, ya rubuta da ɗayan: "Na amsa, Dakta. Wannan kada ki bari in gama biya."

Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya yi musu addu'a doguwa, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya raba su da bashin da ke hana barci. Jama'a suka shafa. Sannan ya sunkuyo daidai kunnen ango ya ce, "Ran biyar ga wata, ina nan tahe."