Ƙibar Shafa'atu a Shekarar Yunwa

Inna Jummai tana zaune a gindin rumbu da ƙwarya a cinya, tana auna geron yini da tafin hannu, amma idonta ba a kan geron yake ba. Yana kan matar ɗanta, Shafa'atu, wadda ta fito daga ɗaki tana jan ƙafa za ta ɗauki taɓarya. A shekarar nan ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, duk garin Wonaka babu gidan da ake ɗora tukunya sau biyu a rana. Maza sun koma daga wuya sai gwiwa. Amma ga Shafa'atu, damatsanta kullum ƙara cika suke yi, cinyoyinta har suna gugar juna, zanen da aka kawo ta da shi daga Bilbis bara yanzu da kyar yake zagaye ta.

Inna ta ɗauke ido daga kanta. Kazar da ta rage a gidan ta kalla, ta ce, "Wasu na rama, wasu na sabon jiki. Allah shi ba mu sa'a irin tasu."

Kaza dai ba ta amsa ba. Shafa'atu ta sunkuyar da kai ta hau daka, hawaye na ɗiga a bakin turmi.

Ni da nake ba ku labarin nan ba zan ɓoye muku gaskiya ba: yarinyar nan ciwo gare ta. Tun tana tasowa budurwa wani kitse ya fara taruwa mata a damatsa da ƙugu da cinyoyi, curi-curi a ƙarƙashin fata kamar an cusa mata dunƙulen fura. In an taɓa sai zafi, in ta bugu da bakin ƙofa sai wurin ya yi baƙi har kwana bakwai. Tafin hannunta da na ƙafarta kuwa ƙanana ne kamar na kowace yarinya. A gidansu an ɗauka jikin daɗi ne, har ana yi mata tsiya da shi. Bayan aure ne abin ya ƙaru, kuma ya ƙaru daidai lokacin da bai kamata kowa ya ƙaru ba.

Sahabi, mijinta, da kansa ya gan ta ya ce yana so. A kasuwar Tsafe ya same ta tana sayar da daddawa, ya tsaya ciniki har rana ta karkata, ya koma gida da daddawar da za ta ishi gidan biki. Yana sonta so mai tsanani, ita ma haka. Sai dai a gidan akwai kunya, kuma kunyar ce ta kusa raba su.

Amarya ba ta cin abinci a gaban uwar miji. Da an raba tuwo sai Shafa'atu ta ɗauki akushinta ta shige ɗaki ta saki asabari. Babu wanda ya taɓa ganin hannunta ya je baki, don haka babu wanda ya san loma uku take yi ta rufe. Sauran takan ajiye shi, da safe ta haɗa da ƙanzon tukunya ta ɗumama wa Inna, saboda tsohuwar tana fama da tari, kuma in ba ta karya ba jiri ke ɗibar ta. Inna ta ɗauka duk ƙanzo ne. Har takan ce tukunyar gidan nan akwai albarka.

Shi kuma Sahabi ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, in tana son wani abu sai ta faɗa wa bango ya ji. Ya san halin da jikin matarsa yake ciki fiye da kowa, amma ta ina namiji zai fara yi wa uwarsa zancen jikin matarsa? Sau biyu ya zo bakin ɗakinta da niyyar magana, sau biyu ya ɓuge da tambayar lafiyar tari.

Da hatsi ya fara ja baya a rumbu, sai magana ta fita waje. Mata a bakin rijiya suka ce amaryar Sahabi tana da wani wurin da take ci. Wata ta ce ta ji daka a gidan lokacin da kowa ya tafi jeji neman tafasa. Ba ta ji komai ba, amma yunwa takan sa kunne ya ji abin da babu. Magana ta kai ga Kawu Bawa, ƙanin mahaifin Sahabi, wanda yake riƙe da gandu tun rasuwar yayansa. Mutum ne mai tsoron Allah, amma tsoron yunwa ya fi. Ya kira Sahabi zaure ya ce masa ba za a ciyar da ɓarauniya da hatsin marayu ba, ran Juma'a ta sama ya sallame ta, shi da kansa zai raka ta Bilbis.

Sahabi ya ce bai taɓa ganin ta ɗauki ƙwaya ɗaya ba. Kawu ya ce ai ba a gaban ido ake sata ba, jikinta ya isa shaida.

Da la'asar Sahabi ya same ta a bayan ɗaki tana tsince zogale. Ya gaya mata komai, don bai iya ɓoye mata magana ba. Ya roƙe ta ta je ta durƙusa gaban Inna ta faɗi abin da ke damun ta. Ta girgiza kai.

"In ce mata mi? In buɗe baki in yi gardama da wadda ta haihe ka? Gara in tahi da sunan sata da in zauna da sunan rashin kunya."

"To ni hwa?" ya ce. "In kin tahi, ni wa za a bar ma?"

Ta kama bakin rigarsa ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Kashegari da sassafe ya ɗauki sanda da gora ya kama hanyar Bungudu, inda ya ji labarin wani tsohon wanzami, Malam Hamidu, wanda aka ce babu irin kumburin da bai gani ba. Ya ratsa ta Gusau cikinsa babu komai sai ruwa da ɗan ƙwallon goruba. Kwana biyu ya yi a hanya.

Malam Hamidu ya saurare shi har ya gama, yana wasa askarsa a tafin hannu. Ya ce a tsawon rayuwarsa mata uku ya gani da irin wannan, ɗaya ma 'yar uwarsa ce. Kitse ne da ba abinci ke kawo shi ba, yunwa kuma ba ta ɗauke shi. Ƙaho ba ya jawo shi, tsaga ba ta ƙara komai sai miki, kuma duk wanda ya ce zai yanke shi to zai kashe masa mata ne. Ya ce a riƙa gasa mata da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗe a hankali, kada ta daɗe a tsaye. Da Sahabi ya kawo zancen sata, tsohon ya ajiye askar.

"Mai cin hatsi a ɓoye, ga wuya da haƙarƙari aka gane shi. An duba?"

"Ni na sani, Baba."

"Kai ka sani. Ai ba kai ka zargin ta ba. Wadda ka zargin ta ita za ta duba."

Ranar Alhamis da yamma ya iso gida, ƙafafunsa duk sun faffashe. Ya fara kai wa Kawu Bawa maganar wanzami. Kawu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce in da yunwa na sa ƙiba da duk Wonaka ba mai iya shiga ƙofa. Ya ce gobe bayan hantsi a shirya.

Da gari ya waye Sahabi ya tsaya a tsakar gida. Inna tana bakin ɗakinta, ta gama karyawa ke nan da ɗumamen da aka kawo mata kamar kullum. Ya zo ya durƙusa a gabanta, kusa ƙwarai, yadda bai taɓa yi ba tun yana yaro. Ta kau da kai ta fara gyara kallabi.

"Inna, yau zan yi rashin kunya, ki gahwarce ni. Ban roƙe ki ki hana ta tahiya ba. Ki shiga ɗakinta ki sa ta kwance zane, ki duba jikinta da idonki. In kin ga jikin mai ci ne, ni da kaina zan ɗauki kayanta."

Inna ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce wa bango ashe ta haifi ɗan da zai tsaya gabanta yana zancen zanen matarsa. Ta ce wa bango ya tashi ya ba ta wuri. Bai tashi ba. Ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka, ƙato da shi, kuka irin na wanda ya gaji. Wannan ne ya karya mata zuciya, don rabon da ta ga hawayensa tun ranar da aka binne mahaifinsa.

Ta miƙe ta nufi ɗakin da ba ta taɓa shiga ba. A ranta dai cewa take yi, bari ta shiga ta tono inda ake ɓoye geron, kowa ya huta.

Shafa'atu tana tsugune tana ɗaure 'yan ƙorenta a tsumma. Da ta ga wadda ta shigo sai ta yunƙura za ta tashi, jiri ya kwashe ta, ta zube a kan tabarma. Inna ta tare ta ba shiri. A nan mayafin ya zame, ɗaurin ƙirji ya sassauta, tsohuwa ta ga abin da wata da watanni yake gabanta a rufe. Ƙasusuwan wuya sun fito har ruwa zai iya kwanciya a ciki. Haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ciki ya manne da baya. Daga nan sai ga damatsa da cinyoyi a cike, da tabon baƙi nan da can. Ta kai hannu ta ɗan danna damtsen, yarinya ta cije leɓe ta runtse ido.

Inna ta juya tana neman ruwa, ta buɗe akushin da ke gefe. Babu komai a ciki sai sawun inda aka kankare tuwo da safe, ga ɗan ɓarɓashi irin wanda ta gama ci yanzu. Ta daɗe tana kallon akushin.

"Ɗumamen da nika ci kullum," ta ce a hankali, "naki ne?"

Shafa'atu ta rufe fuska da tafin hannu. Inna ta sake tambaya. Da kyar ta ce, "Tari na wahal da ke, Inna."

Tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa. Ta jawo kan yarinyar ta ɗora a cinyarta, ta yi kuka mai yawa, tana cewa ta ci abincin ɗiyar mutane kuma ta bi ta da habaici, ina za ta kai wannan gaban Allah. Shafa'atu na roƙon ta ta bari, ita ba ta riƙe ta da komai ba. Suka yi ta yi, wannan na ba wannan haƙuri.

Da hantsi ya yi Kawu Bawa ya yi sallama da sandarsa ta tafiya. Inna ta fito da jajayen idanu ta ce masa ya mayar da sandar, babu inda ɗiyarta za ta. Ta faɗa masa abin da ta gani ba tare da ta rage komai ba. Kawu ya yi ta murza gemu. Daga baya ya ce a roƙa masa gafara wurin yarinyar, shi ba zai iya haɗa ido da ita ba yau. Ya fita, jim kaɗan sai ga shi da 'yar ƙwaryar nono da ya samo a rugar bayan gari, ya ajiye a bakin zaure ya juya.

Inna ta dama fura da nonon ta kai ɗaki, ta ce Shafa'atu ta sha a gabanta. Yarinya ta riƙe ludayi ta kasa kai shi baki, kunya ta hana. Sai Inna ta karɓe ludayin ta riƙa ba ta da hannunta, tana faɗa tana cewa in ba ta shanye ba za su ɓata. Daga ranar tare suke ci a akushi ɗaya. Matan unguwa suka yi ta surutu cewa gidan Jummai an zubar da al'ada, Inna ta ce su zo su kwashe.

Ciwon bai warke ba, kada in yi muku ƙarya. Da shi ta rayu, da shi ta haifi 'ya'yanta huɗu. Sahabi ya sassaƙa mata kujera mai faɗi don ta riƙa aiki a zaune, kuma har ya tsufa bai yarda ta ɗauko ruwa daga rijiya ba. Gasawa da shafa man kaɗe kuwa Inna ta ce aikinta ne, ba ta bar wa kowa ba har ƙarfinta ya ƙare.

'Yan uwa, kunya ado ce, amma kada ta hana mu tambayar wanda muke kwana gida ɗaya da shi me ke damun sa. Kada kuma mu yanke wa mutum hukunci da abin da ido ya hango daga nesa, don akwai masu ɗauke da ciwon da ya yi kama da jin daɗi. Haƙurin Shafa'atu bai faɗi ƙasa ba. Ranar da Inna Jummai za ta cika, danginta cike da ɗaki, ta ce kowa ya matsa, hannun Shafa'atu take so a ba ta ruwa da shi.