Ribar Ƙwai Guda

Wata mata ce a wani gari ta kwana biyu ba sukuni, don mijinta ya gano dabarar caca.

Ya ce, "In aka cinye mini ƙwai ɗaya, in zuba biyu. Aka cinye biyu, in zuba huɗu. Da na ci, komai ya dawo, har da ribar ƙwai guda."

"Maigida, in ƙwan ya ƙare fa?"

"Haba, kullum ni za a ci?"

Aka cinye, ya ninka. Aka cinye, ya ninka. Ƙwai ya ƙare, kaji suka bi, akuya ta bi.

Yau ya dawo ba hula, yana zagaya tukunyar tuwonta, wai saura ninki ɗaya.

To yara, ta ba shi, ko ta zauna a kanta?