Ƙwayoyi Uku na Haulat

Da hantsi Haulat na yanka albasa a tsakar gidansu na Kambarawa, uwar mijinta Hajiya Ma'u ta kalli kuncinta ta saki faifai.

"Innalillahi! Salahuddeen, fito ka ga matarka tana kukan jini!"

Haulat ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, jan kafson nan ne. Likita ta ce yana rina hawaye."

Wata biyar ta yi tana tari kafin a gano ba tarin fuka ba ne, dangi ne nasa da ake ɗauka a ruwa ko ƙasa, likitoci na ce masa NTM. Aka ɗora ta kan magani kala uku, a haɗe, har sai kakinta ya shekara ba cuta.

Hajiya ta ce, "Kala uku! Yarinyar da muke jira ta haihu? Za su ƙone mata mahaifa! A bar mata ɗaya, ya isa."

Haulat ta dubi mijinta. Ya san komai, da shi aka yi bayanin a asibiti. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ki yi yadda Hajiya ta ce."

A gidansu ba a koya mata musu da suruka ba. Ta miƙa kwali biyu, Hajiya ta ƙulle a bakin zane.

Bayan wata huɗu tarin ya dawo, har da jini na gaske. Likita ta ajiye takardar tes tana girgiza kai.

"Shi ya sa muke haɗa uku. In aka bar ɗaya, cutar takan saba da shi, ta daina jinsa. Kun kashe mata maganin da ya fi ƙarfi. Yanzu sai mun ƙara da allura, kuma tana iya taɓa ji."

Ta kuwa taɓa. Kunnen hagu ya mutu murus.

Haulat ta tattara ta koma gidan mahaifinta Malam Hashimu a Ƙofar Durbi, zuciyarta na tafasa. Salahuddeen ya zo biko sau shida. Duk zuwa sai ta juya masa kunnen hagu.

"Haulat, don Allah, sori..."

"Mi ka ce? Ƙara murya — wannan ɓarin ai naku ne, kai da Hajiya!"

Ya yi kuka kamar yaro, ita ko a jikinta. Ta rantse sai sun ɗanɗana. Da dattawa suka taru, ta aiko daga ɗaki da sharaɗi ɗaya: Hajiya da kanta za ta riƙa zuwa kowace safiya ta miƙa mata magani, har a sallame ta.

"Uwar miji guda, ɗiyar nan?" in ji Malam Hashimu.

"Hannun da ya karɓe, Baba, shi zai mayar."

Hajiya ta riƙa zuwa a Keke Napep, maƙwabta na leƙe. Haulat takan bar ta tsaye a zaure da kofin ruwa, ta gama shafa mai a tsanake. Wata goma sha huɗu! Tsohuwa ba ta fasa ko rana ɗaya ba, har ta haddace sunayen magungunan da karyayyen Turancinta.

Ranar da sakamako na ƙarshe ya fito fes, Haulat ta tarar da Hajiya zaune a ƙasa, ƙafafu sun kumbura, tana lissafa ƙwayoyin da yatsa kada ta yi kuskure. Daɗin ramuwar ya ɗauke mata tsaf. Ta durƙusa.

"Hajiya, na warke. Ki yafe mani tsayuwar zaure."

"Ni ce mai neman gafara, ɗiyata. Kunnenki fa ba zai dawo ba."

Ran Juma'a ta koma ɗakinta. Salahuddeen ya koyi zama a damanta, ya kuma koyi ce wa mahaifiyarsa "a'a" cikin ladabi.

'Yan'uwa, biyayya ga manya wajibi ce, amma ba ta kai ga rage maganin da likita ya haɗa ba. Namiji kuma in ya san gaskiya ya yi shiru, matarsa ce ke ɗaukar ciwon.