Ruwan Rijiya a Cikin Lagireto

A gefen garin Bidiya, inda gonakin dabino suke ƙarewa yashi ya fara, akwai gidan Halfan da ƙanensa Ubaid. Mota ɗaya gare su, farar a-kori-kura mai shan dizal. Ita ke kai wa raƙumansu ciyawa da ruwa, ita ke jan tirelarsu zuwa kasuwar Sinaw ranar Alhamis.

Wata Alhamis a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, Ubaid ya dawo daga kasuwa dab da magariba da raƙuma uku a tirela. Ya makara ƙwarai. Ya sauke dabbobin shiru, ya ce ba ya jin yunwa. Da Halfan ya tambaye shi ko motar ta ba shi wahala a hanya, bai ɗaga kai ba.

"Lafiya lau, Yaya. Kasuwa ce ta cika."

Bayan salla Shamsa, matar Halfan, ta sa turaren lubban a kasko, 'yarsu Muzna ta kawo gahawa da dabino tsakar gida. Iska ta ɗauke ɗif. Suna zaune haka sai dutse ya faɗo a kan motar. Ba ta kan katanga ya zo ba, daga sama ya sauko a miƙe. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku. Halfan ya je ya ɗauki ɗaya, ya yar da shi nan take. Dutsen a jiƙe yake, da zafi kamar an tsamo shi daga tukunya.

Zuciyar Halfan ta tafi kan maƙwabcinsu Hamud, wanda suka yi cacar baki da shi a kan rabon ruwan gona. Da safe ya same shi a ƙofar masallaci ya gaya masa maganar da ba ta dace ba. Hamud ya rantse, Halfan bai yarda ba. Ita kuwa Shamsa wata baƙuwa take zargi, wadda ta yaba tsayin Muzna ba ta ce masha Allah ba. Ubaid bai zargi kowa ba, kuma wannan shirun nasa ya fara damun yayansa.

Motar ma ta sauya hali. A da, ko da tirela cike, allurar zafin injin a tsakiya take zama, sai a hawa take ɗan ɗagawa, in an kashe na'urar sanyi an sauko da giya ta koma. Yanzu da sassafe, inji a sanyi ƙalau, da an murɗa makulli sai allurar ta rarrafa har cikin ja. Da yamma kuwa, motar a kashe tun azahar, sai a ji ruwa yana tafasa a cikinta. In mutum ya kasa kunne sosai, a ƙarƙashin tafasar akwai wani siririn sauti mai kama da kuka.

Halfan ya kai ta wurin Gulam, bakaniken da ya saba da ita. Gulam ya duba fanka, ya matsa tiyo, ya buɗe murfin lagireto ya leƙa, sannan ya tsoma yatsa ya shinshina.

"Ina jan ruwan sanyaya inji da na zuba muku? Wannan ai ruwan rijiya ne, har da gansakuka. Wa ya zuba?"

Ya kawo bokiti zai juye shi, amma makunnin ƙasan lagireton ya ƙi motsi, sifanar ta zame ta yanke masa hannu. Ya ce a dawo wani lokaci, kuma bai sake ɗaga wayar Halfan ba.

Halfan ya tare ƙanensa a wurin raƙuma.

"Ubaid, me ka zuba wa motar nan?"

"Ni? Wataƙila Gulam ne ya cuce mu tun farko."

"Kalle ni ka faɗa."

Ubaid ya ci gaba da zuba ciyawa. Daga ranar suka daina cin abinci a faranti ɗaya.

Sai abin ya koma kan Muzna. Da la'asar sakaliya jikinta zai ɗau zafi, ba irin na zazzaɓi ba, zafin da in uwarta ta ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma sai ya bushe a hannunta. A asibiti ba su ga komai ba. Ta daina shan ruwa, in an kawo kofi sai ta kau da kai tana rawar jiki. Wata magariba aka neme ta aka rasa, aka same ta durƙushe a gaban motar, ta manna kunci a jikin ƙarfen, tana rarrashi da wata murya ta tsohuwa: "Yi shiru, yi shiru, ina nan."

Shamsa ta ce, "Baban Muzna, ko ka kira Malam Marhun, ko in ɗauki 'yata in bar gidan nan."

Malam Marhun tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya zo washegari kafin faɗuwar rana, ya zagaya motar sau ɗaya bai taɓa ta ba, ya ce a shimfiɗa tabarma kusa da ita, kowa na gidan ya zauna. Ubaid ya so ya zame, malam ya nuna masa wuri da sanda. Ya fara karatu a hankali. Tun bai yi nisa ba tafasar ta tashi a cikin motar, Muzna ta miƙe zaune, idanunta a rufe, bakinta ya karkace.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Mai rijiyar ƙarƙashin magarya, a tsohuwar hanyar yanke. Muna can tun kafin kakanninsu su san raƙumi."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Jikana ma bai yi komai ba." Muryar ta yi kauri. "Wani naku ne ya zo da ƙarfensa yana huci, ya tsaya a inuwarmu. Bai jira ya huce ba, bai ambaci sunan Allah ba, ya buɗe murfin. Tafasasshen ruwa ya watsu a ƙofarmu. Yaron ya tsorata ya faɗa rijiya ya ɓuya. Shi kuwa ya zura guga ya ɗebo shi tare da ruwan, ya ɗura a cikin ƙarfe ya rufe. Kullum kuka kunna, dafa shi kuke yi."

Kowa ya juya ga Ubaid. A hankali ya naɗe hannun rigarsa. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk ƙuna ce da ta fara ruɓa.

"Allurar ta shiga ja tun daga hawan farko," ya ce. "Raƙuma uku a rana irin wannan, Yaya. Na ce maka biyu ne ƙarfinta, ka ce kada in dawo sai da ukun. Na ji tsoron ka ce na kashe motar."



Tsohuwar ta ce, "A ba ni hannun da ya zuba, ya shanye."

"Ba za ki samu ba. Bai san kuna wurin ba."

"To a yanka mini raƙumin na uku."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Za a mayar miki da naki, ki bar musu tasu. Abin da ke tsakaninmu ke nan."

Ladan ya fara kiran magariba daga nesa.

"A sanyi," in ji muryar. "Kada a kunna motar. Wa da ƙanen su kawo shi da hannunsu."

Malam ya sa ta rantse, ta rantse. Muzna ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ɗan yatsan ƙafarta ya yi karkarwa, ta faɗi a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, abin da ta fara nema ruwa ne.

Da asuba Halfan ya yi bisimilla ya taɓa makunnin da ya gagari Gulam, ya buɗe kamar an shafa masa mai. Suka tare ruwan a jarkoki, ba su bar ɗigo ya taɓa ƙasa ba. Babu motar da za su hau, dole Halfan ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Hamud, kansa a sunkuye. Hamud ya saurare shi har ƙarshe, ya miƙa masa makullin motarsa, bai gayyace shi shan gahawa ba.

Sun sami rijiyar, sun juye ruwan a hankali, sun dawo gida. Jifan ya tsaya. Aka wanke lagireto aka zuba sabon jan ruwa, allurar ta koma tsakiya. Ba a sake ɗora raƙuma uku ba, kuma hannun Ubaid ya warke da tabo. Muzna ta murmure, ta ce ba ta tuna komai ba.

Bayan makonni, wata magariba, tana zuba wa mahaifinta da baffanta gahawa. Tururi yana tashi daga bakin butar, ta tsaya tana kallonsa har kofin ya cika ya zube. Da muryarta ta kullum, a natse, ta ce:

"Baba, ruwan da ya fita tururi a hanya fa? Shi wa zai mayar?"

Halfan ya dubi Ubaid, Ubaid ya dubi Shamsa. Babu wanda ya yi ƙarfin halin tambayar yarinyar wa ya gaya mata.